Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayen Gidan Sana'a Na Garin Jos, Kan Yaran Da Aka Ba Mu Amana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa Kirista da muke neman abinci a rumfa ɗaya, ku ma ina gaishe ku, barkanku da aiki.

Wannan takarda taku ce, ku makanikan Farin Gada da Dilimi, da kafintocin Katako, da masu walda, da masu gyaran wayar mota, da teloli, da duk wanda wani uba ya taɓa kamo hannun ɗansa ya kawo masa ya ce, "Ga amana nan, a koya masa abin da zai riƙe kansa." Ni ɗaya ne daga cikinku. Shekarata 27 da sifana a hannu, 16 daga ciki a garejin kaina, kuma yanzu haka yara 7 ne a ƙarƙashina. Na so in faɗi maganar nan a taronmu na wata, amma kun san halin taronmu, kafin mutum ya kai tsakiyar zance an shiga batun kuɗin ƙungiya da rigimar fili. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya karanta ya taimaka ya karanta wa wanda bai samu dama ba.

Da yawanku kun sha ganina da sassafe a hanyar Lamingo, da hular kwano, a kan keke mai ƙatuwar taya, wasu har sun tsayar da ni sun tambaya ko lafiya. Shekara 3 da suka wuce likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, kuma magani kaɗai ba zai riƙe ni ba sai na riƙa motsa jiki. Gwiwata ba ta son gudu, sai na sayi keken hawan dutse na gwanjo, irin mai giya da yawa da sifirin a gaba. A tunanina na iya keke, tunda da Raleigh ɗin mahaifina na yi kai niƙa tun ƙafata ba ta kai feda sosai. Wanda ya sayar mini ya haɗa ni da wani yaro mai gyaran kekuna, ɗan shekara 19, wanda ya saba shiga duwatsun Shere shi da abokansa. Sa'an ɗana na biyu ne. Shi ya zama malamina, a hannunsa kuma na sake ɗanɗana abin da na daɗe da mantawa, wato yadda mutum yake ji a ƙirjinsa in bai iya abu ba, ga wanda ya iya tsaye yana kallonsa.

Allah ya yi wa garin nan baiwar da mu da muke cikinsa ba mu cika ɗaga kai mu duba ba. Jos kanta tana kan tudu mai kimanin mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800, babu wadda ta kai ta a duk tudun Filato. Tsakanin duwatsun akwai 'yan siraran hanyoyi da mutanen ƙauyukan Afizere da makiyaya suka buɗe da tafin ƙafarsu, ga falalen dutse, ga kwazazzaban da ruwan damina ya yanka, ga tsakuwa mai zamewa kamar an zuba gero a daɓe. Nan muke hawa. Ba ma ratsa gonar kowa, in kuma muka haɗu da mace da itace a ka, ko garken shanu, mu muke sauka mu gaishe su mu ba da hanya, don hanyar tasu ce.

A fitata ta 4 abin ya faru. Wata 'yar gangara ce wadda ba ta da wani tsawo, a tsakiyarta akwai dutse guda da bai wuce girman tukunyar miya ba. Ta damansa akwai filin da keke zai wuce, ta hagunsa ma haka. Yaron ya gangara ya tsaya a ƙasa yana jirana. Na taho, na hango dutsen, zuciyata ta fara nanata mini, kada ka bugi dutsen nan, kada ka bugi dutsen nan. Idona ya kafe a kansa. Ina ji ina gani keken ya miƙe ya nufe shi kamar an ɗaura masa igiya ana ja. Da na ga na iso, sai na damƙe birki da dukkan yatsuna, na gaba da na baya lokaci guda. Tayar gaba ta cije, ta baya ta ɗaga, na wuntsila ta saman kan keken na dira a hannuna na dama. Tsintsiyar hannu ta tsage. Sati 6 ban riƙe sifana ba.

Yaron ya rugo ya duba kaina, ya duba hannun, ya ɗaure mini shi da tsohon tiyub da ɗan kara. Bai ce mini "ai na faɗa maka" ba. Sai da numfashina ya dawo ya ce, "Baba, ina kake kallo?" Na ce dutsen mana. Ya ce, "To ai nan ka aike shi. Keke bai san 'kada' ba. Inda idonka ya sauka, nan kafaɗarka take juyawa, hannunka kuma kafaɗa yake bi. In ka ga dutse, ka gan shi sau ɗaya ka san yana nan, sai ka mayar da ido kan filin da kake son tayarka ta taka." Daga nan ya sunkuyar da kai ya ce in yafe masa, laifinsa ne, don kamata ya yi tun daga sama ya sauke ni mu taka gangarar da ƙafa, ya nuna mini inda zan bi, kafin ya bar ni in hau.

Ina roƙonku ku tsaya a nan kaɗan. Yaro ɗan shekara 19, wanda yake koya wa ya faɗi, ya ce laifinsa ne. Ni kuwa na duba shekara 16 da na yi ina riƙe da 'ya'yan mutane, na rasa rana ɗaya da yaro ya ɓata aiki na ce daga wurina ne.

Sati shidan nan a kan benci na yi su, hannu a rataye, ba abin da nake iyawa sai kallo. Akwai wani yaro a garejina ɗan shekara 15 wanda na daɗe ina kira mara kai. Ran nan aka kawo wata tsohuwar Golf za a canza mata filogi, babban yaro ya miƙa masa aikin. Daga inda nake zaune na ga ya ɗauki filogin, ya sa da yatsunsa, yana juyawa a hankali har ya ji ya zauna a zarensa, sannan ya kawo sifana. Na farko daidai, na biyu daidai. Sai na tashi na je na tsaya a bayansa na faɗi abin da bakina ya saba faɗa: "Kai, kada ka kashe mini zare! In ka kashe zaren nan, kai da ubanka za ku biya." Nan take wuyansa ya sandare, kafaɗunsa suka ɗaga, hannunsa ya soma rawa, yana satar kallona ta gefen ido. Na uku ya shiga a karkace. Na gane sandarewar nan, don jikina ya yi irinta sati 2 kafin nan a kan gangara. Ni ne dutsen da ke tsakiyar hanyar yaron. Idonsa yana kaina, hannunsa kuma ya bi idonsa.

Kowannenku ya ware yini ɗaya ya saurari shagonsa, ya ƙirga sau nawa ake cewa "kada". Kada ka fasa, kada ka ƙona, kada ka yanke yadin mutane, kada ka ɓata katako, kada in dawo in tarar. Daga safe har magariba dutse muke nuna wa yara da yatsa. Sau nawa oga yake durƙusawa ya ce, "Sa shi da yatsa, ɗan juya baya har ka ji ya yi ƙas ya faɗa gurbinsa, sannan ka juya gaba, in ka ji tauri tun da wuri ka fitar ka sake"? Wannan ita ce hanyar da muke son tayarsa ta taka, kuma duk mun san ta. Hannunmu ya haddace ta har mun manta cewa akwai ranar da mu ma ba mu san ta ba. Yaro ya shekara 2 a wurinka, ya san dukkan abin da ke fusata ka, bai san dalilin da ya sa ake ɗaure notunan taya a gicciye ba.

Da hannuna ya warke na koma, kuma wata guda cur ba abin da yaron nan ya koya mini sai birki. Yatsa ɗaya ake ɗorawa, sauran su riƙe kan keke. Ana rage gudu kafin a shiga kwana, a inda ƙasa take da kyau, in taya ta shiga gargada sai a sassauta. Wannan shi ya fi ba ni wuya, don hankali ba ya karɓarsa: a daidai wurin da ka fi jin tsoro, a nan ake son ka saki. Keken da ke da ɗan gudu yana haye tsakuwa da ƙananan duwatsu ya wuce, wanda aka shaƙe kuwa kowane ɗan dutse sai ya tare shi. Mutum ya miƙe a kan feda, ya lanƙwasa gwiwa da gwiwar hannu, ya bar keken ya yi rawarsa a ƙarƙashinsa. Tsoro kuwa akasin wannan duka yake sa ka yi. Yana zaunar da kai daram a sirdi, ya miƙar maka da hannu kamar sanda, ya sa ka damƙe birki. Na ga ƙarti masu ƙarfi sun faɗi a inda yara 'yan shekara 13 suke wucewa suna dariya, kuma ba ƙarfi ne ya gaza musu ba.

Akwai wani labari da malamina ya nuna mini a wayarsa, na bi na karanta, na san zai yi wa makanikai daɗi. A gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1970, wasu samari suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn masu nauyi na shekarun 1930 da 1940, suna gyarawa suna gangarowa da su daga kan duwatsu. Birkin kekunan na feda ne, wanda yake cikin cibiyar tayar baya. Kusa da garin Fairfax akwai wata hanyar burji da ta ɗan haura kilomita 3, tana sauka kimanin mita 400. Kafin mutum ya kai ƙasa birkin ya ɗau zafi har giris ɗin ciki ya ƙone yana hayaƙi, dole a kwance a sake cusa sabo. Daga nan suka laƙaba wa hanyar suna Repack, ma'ana sake cusa giris. A watan Oktoba na 1976 suka yi tserensu na farko a kanta. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya haɗa firam da hannunsa musamman don wannan aiki, su Tom Ritchey da Gary Fisher da Charlie Kelly suka ɗora. Shekara 20 bayan tseren farko, a 1996, wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta.

Ku duba su waye suka haifi wannan abu. Yara ne masu datti a farce, masu tsintar ƙarfe a bola, irin waɗanda ke kwana a garejinmu. Sun karya firam, sun ƙona birki, sun tsinke sarƙa, kowace ɓarna ta nuna musu abin da za su ƙarfafa a karo na gaba. Da akwai wani oga tsaye a bayansu da wayar birki a hannu yana jiran su karya, da babu keken da nake hawa yau. Giris ɗin nan da ke ƙonewa ma ya tuna mini da wani abu. Akwai yaran da muke riƙe wa birki tun daga sama har ƙasa: shekara 4, shekara 5, aikinsu wankin kayan aiki da fetur, da sayo wa oga abinci, da kai 'ya'yan oga makaranta, ba a taɓa barinsu sun buɗe inji ba. Ranar da suka gudu sai mu ce yaran zamani ba su da haƙuri.

Zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi, don in ban faɗa ba ba ni da bakin yi wa kowa nasiha. Shekara 9 da suka wuce ina da wani yaro mai kunne irin wanda ban sake gani ba. Mota za ta shigo gareji, kafin a kashe ta ya gaya maka wane filogi ne ba ya ci. Wata rana yana ɗaure saman inji ya matsa da yawa, ƙusa ɗaya ta tsinke a ciki. Mai motar yana tsaye. Na ji kunya, na huce kunyar a kan fuskar yaron, na mare shi a gaban mutane na ce ya bar mini wuri. Ban taɓa nuna masa iya ƙarfin da ake ɗaure ƙusar nan da shi ba, ba ni ma da sifanar awo a lokacin. Yau yana tuƙa Keke Napep tsakanin Terminus da Bauchi Road. In ya gan ni sai ya tsaya ya durƙusa ya gaishe ni, in na shiga ba ya karɓar kuɗina. Bayan faɗuwata na neme shi na roƙi gafararsa, ya ce, "Haba oga, ai ya wuce." Ya yafe, Allah ya saka masa. Amma kunnen nan sana'armu ta rasa shi, kuma ni na kore shi.

Na san abin da wasunku za su ce, don ni ma na faɗe shi shekaru da yawa: mu ma da bulala aka koya mana, ga shi mun zama mutane, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, mu 11 muka shiga hannun ubangidana, Allah ya jiƙansa da rahama, ya ciyar da ni ya kuma koya mini abin da nake ci da iyalina. Mu 3 muka kai yaye. Sauran 8 fa? Ba dukansu ne malalata ba, akwai biyu da suka fi ni hannu nesa ba kusa ba. Mu da muka jure mu ne muka zama ogogi, mu muke zama a taro muna yabon bulala, waɗanda ta kora ba a gayyatarsu su faɗi nasu. Iccen ma, kafintoci su ne shaida, a hankali ake tanƙwara shi, wanda ya yi masa garaje ya san ƙarar da yake yi.

Kada wani ya ce na ce a daina gargaɗi. Sana'o'inmu suna kisa. Yaron da ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita, ko ya kunna wutar walda kusa da tankin mai, ko ya kai hannu bakin zarton inji, a daka masa tsawa, a finciko shi da ƙarfi, ba zan ce uffan ba. A Shere ma akwai wuraren da gefen hanya rami ne mai zurfi. Abin da na lura shi ne lokacin da malamina yake yin gargaɗinsa. Tun kafin mu isa yake tsayar da mu, kowa ya sauka, mu taka wurin da ƙafa, ya ɗaure fuska ya nuna mana ramin, ya nuna inda taya za ta bi, ya ce wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tura. In mutum ya riga ya hau ya fara gangarowa, ba ya ƙara ambaton ramin. Abin da za ka ji daga bakinsa kawai shi ne, "Ido gaba, Baba! Saki, saki!" Mu kuwa mun juya abin. Ba ma zaunar da yaro da safe kafin aiki mu yi masa bayani, sai ya tsunduma hannunsa yana tsakiyar abu mai wuya sannan mu fara ihu.

Batun turawar nan ma ina son masu gyaran birki da ƙafafun mota su ji shi da kyau. A cikin 'yan hawan dutse, wanda ya sauka ya tura kekensa a wurin da ya fi ƙarfinsa ba a yi masa dariya. Wanda ake jin haushi shi ne wanda ya san bai iya ba ya ƙi faɗa, ya afka, ya ja wa mutane ɗaukarsa a kafaɗa kilomita 5 zuwa titi. A garejinmu fa, me yake samun yaron da ya ce, "Oga, ban gane ba," ko "Oga, ban tabbata na ɗaure notin can ba"? Zagi, in ya yi sa'a. Don haka yake koyon yin shiru. Ya rufe bonet, ya mayar da taya, ya yi addu'a a zuciyarsa. Motar nan kuwa gobe da asuba za ta ɗauki mutum da matarsa da 'ya'yansa ta gangara Hawan Kibo. Duk wanda ya san hanyar Akwanga ya san abin da wannan gangara take yi wa motar da birkinta ke da shakka. Tsoron da muke shukawa a zukatan yara ba a cikin gareji yake tsayawa ba, yana bin motocin mutane har kan titi.

Giya kuwa maganarta gajeriya ce. Tun kana hango hawa kake sauya ta, ƙafa tana da sauƙi. Wanda ya jira har ya kai tsakiyar tudu yana danna feda da dukkan ƙarfinsa sannan ya sauya, sarƙa za ta yi ƙara, in ta gaji ta tsinke. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma mu ranar farko da muke ba yaro babban aiki ita ce ranar da aiki ya yi mana yawa, mai mota yana duba agogo, ko jajibirin Sallah ko na Kirsimeti a shagon tela. Babu garejin da ba shi da mataccen inji a bayan rumfa, babu shagon ɗinki da ba shi da ƙyallaye, babu kafintan da ba shi da guntayen katako. A ba yara su kwance su ɗaure, su yanka su ɓata, a ranakun da babu kowa a kansu. Ni yanzu duk Asabar da yamma injin wata tsohuwar Peugeot 504 ne a hannun ƙananan, sun kwance shi sun mayar ya fi sau 10. Yaron nan da nake kira mara kai shi yake nuna wa sababbi yadda ake jera zoben fistin.

A Afirka ta Kudu akwai wani tseren keken dutse da ake kira Cape Epic, wanda aka fara a 2004, ana kwana 8 ana yinsa. Mutum biyu-biyu ake shiga, kuma doka ta hana ɗaya ya yi wa abokinsa nisan da ya wuce minti 2. Komai gudunka, in ka bar ɗan'uwanka a baya an hukunta ku duka. Mu ma a 'yar tawagarmu, duk mararraba na gaba yana tsayawa, kuma ba a tashi sai na ƙarshe ya iso, ya sha ruwa, ya ce a tafi. Watanni da yawa ni ne na ƙarshen. Da a ce ina isowa suna tashi, da tuni na jingine keken. Ina faɗar wannan ne saboda manyan yaranmu. Abin da muka yi musu, shi suke yi wa na ƙasa da su in mun ba da baya, har da ƙari. Na gaya wa babban yarona cewa daga yanzu ba da saurin hannunsa kaɗai zan auna shirinsa na yaye ba, zan duba ƙaramin da na haɗa shi da shi, in ga me ya iya.

Mu kanmu ogogi akwai dutsen da muka kafa wa ido. Motoci sun canza. Wadda ake kawowa yanzu kwamfuta ce a cikinta, sai an jona mata na'ura ta faɗi ciwonta, ga masu haɗa batir da fetur, ga masu amfani da iskar gas suna ƙaruwa. Na shekara ina korar irin waɗannan motoci ina cewa ba a ƙera su don a gyara ba, alhali tsoro nake ji kada yara su ga ban sani ba. Bara na sayi na'urar, na kira ɗaya daga cikin yarana da ya gama sakandare, na ce ya zauna ya karanta mini abin da take rubutawa, ni kuma in gaya masa abin da kunnena ke ji. Girmana bai ragu ba a idonsu. Tun daga ranar ma na ga sun fi sakin jiki su kawo mini tambaya.

Abin da nake nema a wurinku, shugabanninmu da dattawanmu, shi ne a sa maganar yara a ajandar taro mai zuwa, a ba ta lokacinta kafin a taɓo kuɗi. Ina so mu yi alkawari a gaban juna cewa hannu ba zai ƙara sauka a fuskar ɗan wani ba saboda ya ɓata aiki, kuma yaron da ya zo da bakinsa ya faɗi kuskurensa kafin mota ta fita, ba zagi ba duka. Ina so ranar da uba ya kawo ɗansa a zauna a faɗa masa shekarun da zai yi da abin da zai iya a ƙarshen kowace shekara, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Wanda yake ganin na yi kuskure ya tashi a taron ya faɗa, zan saurara, akwai waɗanda suka girme ni a sana'ar nan da shekara 20 kuma sun ga abin da ban gani ba.

Kafin nan ina gayyatarku. Ranar Lahadi da yamma, bayan la'asar, lokacin masu zuwa coci ma sun daɗe da tasowa, muna haɗuwa a bakin hanyar Lamingo. Akwai kekuna 2 da hulunan kwano na aro, kuma akwai hanya mai sauƙi da za mu bi da sababbi, ba za mu kai kowa wurin rami ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara tambayar likitansa. Wanda zai zo ya taho da ƙaramin yaron shagonsa, wanda ya fi shan faɗa, ya kuma yarda yaron ya shiga gabansa. Malamina ya ce zai zo da famfo da kayan faci.

Wassalam.

Naku,
Wani makanike daga Farin Gada, Jos.